Tsakanin Marar Lafiya da Likita: Daga Ayarin Jamot Zuwa Wayar Hannu

Sunan unguwarmu ma'aunin nisa ne. Faransawa sun kafa Bangui a bakin kogin Ubangi a shekarar 1889, da garin ya bunƙasa kuma sai aka riƙa ƙidayar tazara daga tsakiyarsa, inda ofisoshin mulki suke: nan kilomita biyar, can kilomita goma sha biyu. Musulmi 'yan kasuwa suka taru a ta biyar ɗin, kasuwa ta kafu, sunan ya bi wurin har yau. Saboda haka idan ana maganar yadda za a rage nisan da ke tsakanin marar lafiya da mai magani, mutanen Kilomita Biyar suna da abin cewa, musamman da yake sun taɓa ganin ranar da kilomita biyu suka fi tafiyar kwana uku wuya.

A 'yan shekarun nan maganar duba marar lafiya daga nesa ta yawaita a tarukan lafiya na Afirka. Likita yana Bangui ko Jeniba, marar lafiya yana Birao ko Obo, waya ko intanet ta haɗa su. Mu kira abin likitancin nesa. Masu yabonsa suna cewa shi ne zai cike giɓin da ƙananan asibitocin karkara suka kasa cikewa. Kafin a yarda ko a ƙi, ya kamata a waiwayi yadda aka yi ta kokawa da wannan nisa tun fiye da shekara ɗari, domin an riga an gwada dabaru da dama a ƙasar nan, kowace kuma ta bar shaidar da za a iya aunawa.

Kakanninmu da suka gangaro ta Adamawa, suka bi ta Ngaundere zuwa yankin Carnot da Bouar tun ƙarshen ƙarni na 19, tare da masu maganinsu suke tafiya. A ayarin fatake ba a rasa wanzami mai ƙaho, da wanda ya iya ɗori, da malami mai rubutun sha. Inda aka yada zango aka zauna, ungozoma takan samu. Iliminsu yana da iyaka, mutane da yawa sun mutu da cututtukan da yau ƙwaya kaɗan ke warkarwa. Amma mai magani yana inda marar lafiya yake, yana jin harshensa, ya kuma san gidansu.

Maganin Turawa ya shiga karkarar Ubangi-Shari ta ƙofar annoba. A farkon ƙarni na 20 ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya yi ta cinye ƙauyuka. Mulkin mallaka da kansa ya taimaka wa cutar: aikin dako na tilas a kan hanyar da ta haɗa kogin Ubangi da kogin Shari, ta Fort-Sibut da Fort-Crampel (Sibut da Kaga-Bandoro na yanzu), da tilasta wa mutane shiga kurmi neman roba domin kamfanoni, sun gauraya jama'a, sun kai su inda ƙudan yake. A 1917 wani likitan soja Bafaranshe, Eugène Jamot, ya zo da tsarin da ya yi suna da shi daga baya. Ya ga cewa mai ciwon barci ba zai taɓa tako ƙafa zuwa asibitin gari ba, kuma kafin ciwon ya kwantar da shi ya riga ya zama rumbun cuta ga maƙwabtansa. Don haka ya ɗauki asibitin ya kai ƙauye. Da ɗan ƙaramin ayari na ma'aikatan jinya 'yan ƙasa, da madubin likita kaɗan, suka riƙa bin gari gari a ƙafa. A tara mutane a layi, a lalubi kaluluwar wuya, wanda aka ji tasa ta kumbura a tsotsi ruwanta a duba a madubi, in an ga ƙwayar cutar a yi masa allurar atoksil nan take. Tsakanin 1917 da 1919 sun duba kusan mutum dubu casa'in, suka sami fiye da dubu biyar masu ɗauke da cutar.

Abin lura a aikin Jamot shi ne yadda ya rarraba ilimin likita gunduwa gunduwa. Wannan ya iya laluben wuya, wancan ya iya madubi, na uku allura, na huɗu rajista. Ba ɗayansu da ya yi karatun likita, amma a haɗe suna yin aikin da likita ɗaya ba zai gama ba a rayuwarsa. Kuma ganewa da magani rana ɗaya suke zuwa, a akwati ɗaya. Wannan tsari ya wuce da shi Kamaru a shekarun 1920, daga can ya bazu a ƙasashen da Faransa ta mallaka.

Sai dai tsarin yana da duhunsa, kuma tsofaffin ƙauyuka ba su manta ba. Ba roƙon mutane ake yi su fito ba. Sarkin gari ake umarta, da dogarai a gefe. Atoksil, wanda aka haɗa da sinadarin arsenik, ya makantar da wasu daga cikin waɗanda aka yi wa. Sirinji kaɗan ne ke yawo a jikin dubban mutane. Binciken da likita Jacques Pépin na Kanada da abokan aikinsa suka yi a kan tsofaffin yankin Nola, wanda aka buga a 2010, ya nuna alaƙa tsakanin alluran ciwon barci na zamanin mallaka da yaɗuwar wasu cututtukan jini, har da ciwon hanta nau'in C. Ga kuma babbar naƙasa: ayarin cuta ɗaya yake nema. Matar da naƙuda ta tsaya mata bayan ayarin ya wuce, ba ta da kowa sai ungozoma da addu'a.

Bayan samun 'yanci a ranar 13 ga Agusta 1960, hankali ya koma kan gini. Cibiyar Pasteur ta buɗe a Bangui a 1961, jami'a ta biyo baya a 1969, manyan asibitoci suka taru a babban birni, likitocin da ƙasar ta samu, su ma 'yan kaɗan, yawancinsu nan suka zauna. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita dubu 623, wadda kwaltarta ba ta wuce 'yan hanyoyi da suka fita daga Bangui zuwa Mbaïki da Sibut da iyakar Kamaru ba, ta rataya lafiyarta a gari ɗaya. Birao tana nesa da Bangui da fiye da kilomita dubu, da damina kuwa mota ba ta isa can sai an sha wuya, in ma ta isa.

Duniya ta lura cewa wannan ciwo na ƙasashe da yawa ne. A watan Satumba 1978 wakilan ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata ta Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa tushen lafiya shi ne ƙaramin asibitin da ke kusa da gida, mai rigakafi da awon ciki da magungunan yau da kullum, suka kuma ɗauki alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Alkawarin ya zo daidai da lokacin da aljihun gwamnatocin Afirka ya fara bushewa. Shi ya sa a 1987 ministocin lafiya na Afirka suka fito da Shirin Bamako: a sayar wa marasa lafiya magani a farashi mai sauƙi, kwamitin mutanen gari ya riƙe kuɗin, a sake sayo wani, asibiti ya riƙa juya kansa kamar ɗan tireda. A kan takarda dabara ce mai kyau, kuma duk ɗan kasuwa zai gane ta. Amma ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa da jari idan masu saye ba su da kuɗi. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kuɗin maganin da ake shigowa da shi ya ninka. Boren sojoji na 1996 da 1997 ya biyo baya, ma'aikatan gwamnati suka riƙa bin bashin albashi na watanni masu yawa. Ma'aikacin jinyar da aka tura ƙauye ba albashi, ko dai ya gudo birni ko ya mai da ɗakin magani abin dogaronsa. Ginin yana nan, da allon suna a ƙofa, a rajistar ma'aikatar lafiya ma ana ƙidaya shi cikin asibitocin ƙasa. Mutanen ƙauyen dai sun san ko akwai asibiti ko babu.

Don kada a ɗauka ƙaramin asibitin karkara tun asali ba ya aiki, a dubi Nijar, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka fi yawa. Daga farkon shekarun 2000, a zamanin Shugaba Mamadou Tandja, an gina ƙananan ɗakunan shan magani kimanin dubu biyu a ƙauyuka, aka horar da ma'aikatan da za su iya gane zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari a jikin yara su kuma ba da magani. A 2006 aka ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tare da awon ciki, bayan an ɗauke na tiyatar haihuwa a 2005. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin kowace haihuwa dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Gidan sauro da rigakafi da kula da tamowa duk suna da hannu a wannan nasara. Daga baya gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin maganin da suka bayar kyauta, kantoci suka fara ƙarewa. Ko a can, ɗakin yana aiki ne muddin akwai mutum a ciki da magani a kan kanta.

Shi kansa likitancin nesa ya girmi intanet da shekaru masu yawa. A Ostireliya, inda makiyaya ke zaune ɗaruruwan kilomita daga gari, wani limamin kirista mai suna John Flynn ya kafa aikin likitoci masu zuwa da jirgin sama a 1928. Shekara guda bayan haka Alfred Traeger ya fito da rediyon da ake ba wuta ta hanyar taka feda kamar keke, matar makiyayi ta iya aika saƙo ga likita daga tsakiyar daji. Ba a daɗe ba suka gane murya kaɗai ba ta warkarwa. Sai aka raba wa gidaje akwatunan magani, kowace kwalba da lambarta, daga baya aka ƙara da zanen jikin mutum mai alamomi don marar lafiya ya faɗi inda ke masa ciwo. Likita ya saurara ta rediyo, ya ce a ba shi lamba kaza sau kaza. In abin ya fi ƙarfin akwati, jirgi ya tashi. Murya, da akwati, da jirgi: tare aka gina su. A gabashin Afirka ma ƙungiyar AMREF, wadda aka kafa a 1957, ta haɗa asibitocin daji da Nairobi ta rediyo, da jiragenta a shirye.

A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, gwajin da ya fi daɗewa ya faro ne a Mali a 2001, lokacin da matasan likitocin Bamako suka haɗa kai da asibitin jami'ar Jeniba suka kafa abin da ya zama RAFT. Ɗaya daga wuraren farko shi ne Dimmbal, ƙauye a ƙasar Dogon. Wani babban burinsu shi ne likitan da aka tura karkara ya daina jin an jefar da shi: ya sami wanda zai tambaya, ya ci gaba da karatu daga inda yake, ko ya yarda ya zauna. Daga baya aka koya wa likitocin gundumomi da ungozomomin asibiti ɗaukar hoton ciki da awon bugun zuciya, su aika ƙwararre ya karanta. Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, MSF, wadda ta daɗe tana riƙe da asibitoci a ƙasarmu, ta buɗe nata tsarin a 2010. Ma'aikacin da cuta ta ɗaure wa kai yakan rubuta bayani, ya haɗa da hoton ƙirji ko na fata, ya tura idan intanet ta samu. Ƙwararre a wata ƙasa ya amsa, sau da yawa cikin yini guda. Wannan salo na ajiye saƙo a aika daga baya ya fi dacewa da mu fiye da hira ta bidiyo da ake nunawa a tallace-tallace, don ba ya buƙatar layi mai ƙarfi. A lura kuma, a duk waɗannan gwaje-gwaje ma'aikacin lafiya ne ke magana da ma'aikacin lafiya. Dole a sami mai hannu a jikin marar lafiya tukuna.

Yanzu mu dawo gida. Seleka ta karɓe Bangui ranar 24 ga Maris 2013, ranar 5 ga Disamba na shekarar kuma 'yan anti-balaka suka afka wa birnin. Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa wa mai karatu ba. Kowane gida yana da nasa lissafin. Abin da ya shafi zancenmu shi ne yadda Kilomita Biyar, cibiyar kasuwancin ƙasa baki ɗaya, ta koma tamkar ƙauyen da damina ta yanke. Manyan asibitocin Bangui suna nan inda suke, 'yan mintoci a kan babur, amma Musulmi ba ya iya isa da ransa a tabbace. Asibitin haihuwa na Castors yana maƙwabtaka da mu, duk da haka mace mai naƙuda da dare takan zaɓi ta haihu a ɗaka. Hatta maƙabartar Boeing ta gagara zuwa, sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya da aka ƙulla tsakanin unguwannin biyu a Fabrairun 2016. A garuruwan karkara abin ya fi muni: a Boda da Carnot da Yaloké an killace Musulmi a 'yan wurare ƙanana, a Yaloké kuwa Fulani fiye da arba'in, da dama daga cikinsu yara, sun mutu a 2014 saboda yunwa da cututtukan da ake iya magancewa. Asibiti ma bai tsira ba. Ranar 26 ga Afrilu 2014 'yan bindiga suka kashe aƙalla mutum 16 a harabar asibitin Boguila, uku daga cikinsu ma'aikatan MSF.

A wancan lokaci kusan kowa a unguwar yana da waya. An kira 'yan'uwa ma'aikatan jinya, an nemi shawara, an samu. Amma abin da ya riƙe rayuka shi ne ƙaramin asibitin Mamadou Mbaïki, inda MSF ta riƙa duba yara kyauta, da ɗakin haihuwa na Gbaya Dombia da aka tallafa wa a cikin unguwa, da motar ɗaukar marasa lafiya da ke ratsa shingaye da wanda ciwonsa ya fi ƙarfin wurin. Wato ainihin tsarin da aka zana a Alma-Ata domin karkara, shi ne ya yi aiki a tsakiyar babban birni. Ita kuma wayar ta nuna rauninta: a watan Yuni 2014 gwamnatin riƙon ƙwarya ta dakatar da aika saƙon tes a duk ƙasar na makonni, saboda dalilan tsaro. Duk tsarin lafiyar da ya dogara kacokan kan layin waya, da umarni ɗaya za a iya rufe shi.

Yau abubuwa sun ɗan motsa. A 2019 gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki da masu shayarwa. A 2023 aka ƙaddamar da igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa mu da Kamaru da Kongo, da tallafin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai, aka kuma buɗe tashoshin wutar rana a Sakaï da Danzi don su tallafa wa madatsar Boali. Sai dai a tuna, a 2022, shekarar da aka halatta kuɗin Bitcoin a ƙasar nan, kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun intanet. Muna da saurin rungumar sunan fasaha kafin kayanta su iso. A farkon annobar korona, a 2020, an ba da rahoton na'urar taimakon numfashi uku kacal ƙasar ke da su. Kuma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna mace fiye da 800 ke rasuwa a kowace haihuwa dubu ɗari, adadin da ke cikin mafi muni a duniya.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne, a ganina, ma'aunin da ya fi kowane gaskiya. Abin da ke kashe mata wurin haihuwa sananne ne: zubar jini, jijjiga, naƙudar da ta toshe, da zazzaɓin bayan haihuwa. Likitancin nesa yana da rawar takawa a nan, kuma ba ƙarama ba. Hoton ciki da ungozomar asibiti ta ɗauka a wata na bakwai, ƙwararre ya karanta daga Bangui, zai iya nuna cewa mabiyiya ta tare hanya ko yaro ya kwanta a gicciye, a ce wa matar ta matso kusa da asibitin tiyata tun hanya tana da kyau. Wannan rai ne aka ceta da saƙo ɗaya. Amma in jini ya ɓalle da ƙarfe biyun dare, ƙwararren ba abin da zai faɗa wanda ungozomar ba ta sani ba. Tana buƙatar allurar tsayar da jini wadda zafi bai lalata ba, da ledar jini, da fitila, da babur mai mai, da hanyar da ba wanda zai tare. Rahoton da ya ƙidaya yawan kwamfutocin da aka raba da yawan saƙonnin da aka aika, bai ce komai a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya cancanci a ƙidaya shi ne mutum nawa aka ce a kai su babban asibiti, nawa suka isa, cikin awa nawa, nawa kuma suka koma gida da ƙafafunsu.

Mu kanmu mun riga mun fara namu likitancin nesa ba tare da wani ya ba shi suna ba. Ana ɗaukar hoton takardar likita ko na ƙurji a tura ta WhatsApp ga ɗan'uwa mai aikin asibiti a Garoua ko Njamena ko Kano, ya amsa da saƙon murya. Dillalin shanu ya kira daga rugar da ke bayan Bambari ya kwatanta ciwon yaro, a saya masa magani a kasuwa a ba direba. Akwai alheri a ciki, don amsar tana zuwa da Hausa ko Fulatanci, daga bakin wanda aka amince da shi, abin da takardar Faransanci ba ta bayarwa. Haɗarinsa shi ne mai amsawa bai taɓa jikin yaron ba, ba a yi gwajin jini ba, maganin da aka saya a tebur kuma ba wanda ya san inda ya fito ko kwana nawa ya yi a rana. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yakan kashe yaro kafin direban ya isa.

A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun gwada wata dabara a 2013 da 2014. Sun raba wa iyaye mata ɗan zaren awo mai launi uku, kore da rawaya da ja, suka koya musu auna damtsen 'ya'yansu a gida. Matan, waɗanda yawancinsu ba su yi boko ba, sun iya gane tamowa kamar yadda ma'aikatan lafiyar ƙauye ke ganewa, kuma sun riƙa kawo yara da wuri, kafin ciwon ya kai ga kwanciya asibiti. Daga baya ƙasashe da dama suka ɗauki tsarin. Zaren ba ya buƙatar caji ko kati, uwa kuma tana tare da ɗanta dare da rana. In ta ga ja, akwai asibitin da za ta je a ƙafa, inda abincin tamowa ke jiranta kyauta.